Laba Biyu da Oza Ɗaya

Saura minti biyu ƙarfe goma Malam Ɗanbaba ya ɗaga sandarsa ya ce kowa ya ja da baya. Aka ja. Manoma ashirin da shida ne ke shan ruwa daga ƙofa ta talatin da uku, amma mutanen da suka taru a bakin kanal ranar sun haura ɗari. Har mai rake ya turo baronsa daga Bunkure. Kowa yana son ya ga ƙarfe ya buɗe kansa.

Ƙofar sabuwa ce. An cire tsohon sitiyarin da ake murzawa da hannu, an sa inji, an kafa masa farantin sola a kan doguwar sanda, an manna wani akwati ruwan toka a gefe. Haka aka yi wa duk ƙofofin wannan reshen kanal, su talatin da shida. Ba mai buɗewa sai akawun ƙungiyar masu ruwa, da allon kwamfutar da ke hannunta, kuma sai ranar rabon ƙofa ta zo. Ɗanbaba ne ya tsaya kai da fata har aka yi aikin. Shekara talatin yana noma a wutsiyar kanal. Ya sha ganin 'yan sama sun karya kwaɗo sun sha sun ƙoshi, a bar wa 'yan wutsiya taɓo.

Da bakinsa ya ce wa mutanensa su dasa. Jiya suka dasa albasa, fangali bayan fangali, suka yayyafa mata ruwan jarka don ta kwana. Ruwan yau take jira. Ƙarfe huɗu za a rufe reshen gaba ɗaya daga can sama, kuma rabo ba zai zagayo ba sai bayan kwana takwas. Dashen albasa ba ya kwana takwas a busasshiyar ƙasa. Ko uku ba ya yi.

Akawun, Monica, ta hau kan siminti. Iyayenta mutanen Kafanchan ne, amma a Kura aka haife ta, a nan ta yi aure ta haifi uku. Ta duba agogo, ta duba Ɗanbaba. Ya gyaɗa kai. Ta danna.

Kowa ya zuba ido. Ruwa na ta wucewa a kanal, kore, cike har baki. Ƙofar ba ta motsa ba.

Ta sake dannawa. Ta ɗaga allon sama kamar mai neman sabis, ta danna na uku. Ta sauko ta ce wa Ɗanbaba a hankali allon ya rubuta cewa ƙofa ba ta amsa ba.

Badamasi ne ya fara magana, kamar kullum. Taubashin Ɗanbaba ne, tun suna yara ba ya raga masa.

“Taubashi, ko injin naka sai an yi masa kirari? A kira maroƙi?”

Aka kwashe da dariya. Ɗanbaba ya ce masa ya adana bakinsa, zai buƙace shi wajen ba da haƙuri. Aka ƙara dariya. Har lokacin wasa ake yi. Mai rake yana ta ciniki.

Da aka kai sha ɗaya saura, wasan ya ƙare. Wani ya ce a kawo injin ban-ruwa a jefa tiyo a kanal. Aka tuna masa doka: wanda ya sa tiyo a kanal ya rasa rabonsa na shekara, kuma Ɗanbaba ne ya kawo dokar. Ko ba doka ma, inji ɗaya ba zai shayar da gona ashirin da shida ba. Badamasi ya tafi ya dawo da doguwar sandar ƙarfe a kafaɗa. Ya ce shi bai san lamba ba, amma ya san ƙarfe na jin maganar ƙarfe.

Iyatu ba ta yi hayaniya ba. Mijinta ya rasu bara, fangali takwas take nomawa da hannunta a can ƙarshe. Ta zo ta tsaya gaban Ɗanbaba, ta gaishe shi yadda ya kamata.

“Malam, kai ka ce mu dasa.”

“Ni na ce.”

Ta koma ta zauna a kan bokitinta.

Monica ta samu injiniyan kamfanin a waya a kira na biyar. Yana cikin mota, ya wuce Zariya. Muryarsa na zuwa tana ɗaukewa. Abin da ta iya tsinta kaɗan ne. Ɓera ya ci wayoyin akwatin wannan ƙofar makon jiya, sun turo wani ma'aikaci ya sa sabon ciki. Ya ce ta buɗe akwatin ta duba 'yan maɓallan da ke ba ƙofa lambarta. Lambar da ke kan takardar cikin murfin kuwa, da ƙirgar sha shida aka rubuta ta. Daga nan wayar ta mutu, kuma ba ta sake shiga ba.

Sukurori huɗu ne suka riƙe murfin. Ba wanda ke da abin kwancewa. Sai Alhaji Mudassiru ya ce yana da shi a mota. Ɗan sama ne, gonakinsa na ƙofa ta goma sha biyu, yana da injin casar shinkafa a Kura. Kallo ya kawo shi. Ya ɗauko sukurudireba mai jan kai ya miƙa da fara'a, ya ce taimakon juna ai ibada ne.

Aka buɗe. Kawuna suka haɗu a kan akwatin har Ɗanbaba ya sa sanda ya raba. A tsakiyar wani koren faranti akwai 'yan maɓallai takwas a jere, farare, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Uku a sama, biyar a ƙasa. Na farko, na uku da na biyar ne a sama. Cikin murfin an manna takarda, an buga mata 21.

Mutane suka ɗauki surutu gaba ɗaya. A jikin siminti an rubuta 33 da jan fenti tun zamanin da aka haƙa kanal. Ga takarda ta ce ashirin da ɗaya. Wasu suka ce kamfani ya kawo akwatin wasu. Wasu suka ce da gangan ne.

Daga ɗaya gaɓar wani makiyayi, Dattijo, ya jingina da sandarsa yana kallo, shanunsa na shan ruwa a mashaya. Ya ɗaga murya ya ce shi dai ranar Talata da rana ya ga ƙofar nan ta ɗaga kanta ba kowa a wurin. Ya yi a'uziyya ya kora shanunsa. Ɗanbaba ya tuna ya tarar da kwatar gona a jiƙe ranar, ya ɗauka gwaji aka yi. Ya tambayi Monica rabon wa ne Talata da rana. Ta duba allo. Na ƙofa ta ashirin da ɗaya ne.

To, an gane ciwon. Ƙofar ta ɗauka ita ce ta ashirin da ɗaya. Ana kiran talatin da uku, ba ta san da ita ake ba.

Murna ta dawo. Monica ta ce ai sun yi wannan a makaranta, shekara ashirin da suka wuce. Ta tsuguna ta ɗora littafinta a gwiwa. Ta raba talatin da uku gida biyu, ta rubuta abin da ya rage, ta sake rabawa, ta sake, har ta kai ƙasa. Ta jera ɗaya da sifiri guda takwas: 00100001. Ta karɓi tsinken tsintsiya ta sauke maɓallan duka, ta bi rubutunta daga hagu, ta ɗaga na uku da na takwas. Ta kashe akwatin ta kunna. Ta miƙe ta danna allon tana murmushi.

Ba abin da ya motsa.

Ta sake lissafin, ya fito kamar na farko. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Ta fara shakkar kanta. Wataƙila takardar ce daidai, allon ne aka shigar wa kuskure. Wataƙila ba lambar ba ce ma. Ta ce in ba injiniya ya zo ba, ita ba ta san abin da za ta ƙara ba.

Sha biyu ta wuce. Daga inda suke ana hango fangalan. Ganyen albasar da ya tsaya da safe ya kwanta a ƙasa kamar zare. Badamasi ya sauka ya cusa bakin sandar ƙarfensa a ƙarƙashin ƙofar, samari uku suka kama masa. Ɗanbaba ya taka a hankali ya hau kan ƙofar ya tsaya. Ya ce wanda zai ɓalle ta sai ya ɗaga har da shi. In suka lanƙwasa ta, ba za ta buɗu ba, ba za ta rufu ba, kamfani ya kwashe kayansa, a koma gidan jiya. Badamasi ya ce gidan jiya ya fi albasa matacciya. Suka kalli juna. Ɗanbaba ya nemi a ba shi zuwa kiran azahar. In an kira salla ƙofa na rufe, shi da kansa zai kama ƙarfen.

Ya sauko ya zauna a kan siminti kusa da Monica.

“Akawu, maimaita mini abin da mutumin nan ya ce. Da Hausa, ba da makaranta ba.”

Ta share fuska ta yi masa bayani. Mu goma-goma muke ƙirga. In mun cika goma sai mu rubuta ɗaya da sifiri mu sake farawa. Masu haɗa injin sha shida-sha shida suke yi. Daga goma zuwa sha biyar lambobi sun ƙare musu, sai su ari baƙaƙen boko, A har zuwa F. Sai sun cika sha shida suke rubuta ɗaya da sifiri. Akwai ma masu yin takwas-takwas. Shi kuwa injin kansa abu biyu kawai ya sani, a sama ko a ƙasa, shi ya sa ake ba shi lamba da maɓallai.

Ɗanbaba ya matso kusa da murfin. Yana kallon takardar.

“Sha shida ta zama ɗaya,” in ji shi.

“Haka ne, Baba.”

“Laba ke nan.”

Ba ta gane ba. Yawancin waɗanda ke wurin ba su gane ba, a kilo suka tashi. Ɗanbaba aji biyu ya yi a firamare ubansa ya cire shi ya kai shi kantin wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Fagge. Shekara huɗu yana tsaye a bayan sikeli yana auna ƙusa da alif da ganyen shayi, kafin gwamnati ta kawo kilo. Oza sha shida ke yin laba ɗaya. Yaron da ya manta wannan, kunnensa ke biya.

Ya sa yatsa a kan takardar. Ya ce wannan ba ashirin da ɗaya ba ce. Biyun laba ce, ɗayan oza. Laba biyu oza talatin da biyu ke nan. A ƙara ɗaya.

Monica ta buɗe baki. Wani saurayi a baya ya riga ta faɗa: talatin da uku.

Wurin ya kaure. Ashe takarda da siminti abu ɗaya suke faɗi. Ma'aikacin da aka turo ne ya karanta takardar da ƙirgar kasuwa. Badamasi ya ce to an ji, takarda ta yi gaskiya, sai a kai mata goro, ruwa fa?

Ɗanbaba bai kula shi ba. Ya riga ya miƙe, gwiwar da yake kuka da ita ta manta da ciwo. Ya tsinci tsakuwa takwas, daga ƙarama zuwa babba, ya jera su a kan siminti daidai da maɓallan. Ya ce a kantin Kwaran duwatsun sikeli haka suke. Oza ɗaya, oza biyu, oza huɗu, oza takwas. Sannan laba ɗaya, laba biyu, laba huɗu, kowane dutse ninkin na bayansa, na takwas ɗin nan sai ya zama laba takwas. Ba dutsen oza uku, ba na biyar, kuma ba nauyin da ba za ka auna ba. Dutse ko yana kan faranti ko yana ƙasa. Ba a ɗora rabinsa.

Ya tambayi Monica waɗanne ne a sama lokacin da aka buɗe. Ta ce na farko, na uku, na biyar. Ya tura tsakuwoyin uku gaba. Oza ɗaya, oza huɗu, laba ɗaya. Ya ce a haɗa. Murya fiye da ashirin ta amsa: ashirin da ɗaya.

Sannan ya tura na uku da na takwas, waɗanda ita ta ɗaga. Oza huɗu da laba takwas.

“Lissafinki daidai ne, Akawu. Ta wutsiya kika kama shi. Ƙaramin dutse na hagu. Kin sa wa ƙofar nan ɗari da talatin da biyu, kuma kanal ɗin bai kai can ba.”

Monica ta dafe kai tana dariya. Ta miƙa masa tsinken ta ce ya ɗaga da hannunsa. Mutane suka matso, har ana taka juna.

Ya ƙi karɓa. Ya ce ba a yarda da sikeli sai an gwada shi da abin da aka san nauyinsa. Sau ɗaya an riga an taɓa akwatin nan a kan zato, ba za a yi na biyu ba. Ƙofa ta talatin da biyu na can taku ɗari uku, ta buɗe lafiya da safe, kuma ba a taɓa cikinta ba tun daga kamfani. A je a buɗe. Amma kafin a buɗe zai faɗi abin da ke ciki. Talatin da biyu laba biyu ce cif. Maɓalli ɗaya za a tarar a sama, na shida, sauran bakwai duk a kwance.

Badamasi ya ce ƙarya ne. Ashirin da ɗaya ta ci maɓalli uku, ta yaya wadda ta fi ta za ta ci ɗaya? In haka ne shi zai ɗauki Ɗanbaba a kafaɗa ya dawo da shi.

“Bayanka ba zai iya ba,” in ji Ɗanbaba. “Ka dai riƙe mini sanda.”

Aka ɗunguma. Tsofaffi na sauri, samari na gudu a kan gaɓa, mai rake ya bar baronsa ya bi. Iyatu ma ta tashi daga kan bokitinta. Dattijo yana biye da su ta ɗaya gaɓar, shanunsa a baya. Alhaji Mudassiru ya tattare babbar rigarsa, shi ya kwance sukurorin da kansa. Monica ta ɗaga murfin. Takardar ciki ta ce 20. Ta leƙa, ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.

“Ɗaya ne. Na shida.”

Sowa ta tashi har shanun suka razana. Wani ya jefa hularsa sama ta faɗa kanal, ruwa ya tafi da ita, bai ko bi ta ba. Badamasi ya tura kai cikin akwatin ya daɗe, ya fito ya ce lallai Kwaran nan ya iya jan kunne. Ya karɓi sandar taubashinsa ya riƙe da hannu biyu kamar dogari. Ɗanbaba bai yi dariya ba, amma tafiyarsa ta komawa ba ta ɗan shekara saba'in ba ce.

Ya tsuguna gaban akwatinsu. Ya karɓi tsinken, yana sa shi ya karye. Aka miƙo masa ƙayar bagaruwa. Ya sauke na uku, ya sauke na takwas. Ya ɗaga na shida. Ya ɗaga na farko. Laba biyu da oza ɗaya. Ya ce Akawu ta danna.

Ta danna. Shiru.

Daga masallacin ƙauye aka fara gwada lasifika. Badamasi ya kalli sandar ƙarfen da ke kwance a ƙasa. Ɗanbaba ya kalli maɓallan, ya kalli tsakuwoyinsa. Ya san bai yi kuskure ba.

Sai Monica ta ce a tsaya. Ba a kashe akwatin an kunna ba, har yanzu tsohuwar lambar ke kansa. Ta miƙa hannu ta kashe. Ta ƙirga goma a fili, mutane na taya ta. Ta kunna. Wata 'yar fitila ta yi ja, ta yi kore. Ta danna allon.

Injin ya yi gurnani. Ƙarfen ya girgiza, busasshen taɓo ya zubo daga gefensa, ƙofar ta fara hawa. Ruwa ya fito ta ƙasa, siriri da fari, sannan ya ɓarke ya cika kwatar yana tura kara da ganye a gabansa. Ladan ya ɗaga murya a daidai lokacin, amma ba kowa ya ji farkon kiran ba.

Maza suka ɗauki fartanya suka bi ruwan da gudu. Ɗanbaba ya daka musu tsawa suka tsaya. Awa shida aka ba su, saura biyu da 'yan mintuna. Ya yanke: kowa rabin abin da ya saba sha, a jiƙa saiwa kawai a toshe a ba na gaba. Daga ƙarshe za a fara, a hau. A yi salla kashi biyu, kada a bar kwata ba mutum. Ba wanda ya yi musu. Ruwan ya wuce gonaki ashirin da biyar bai tsaya ba, ya shiga fangalin Iyatu na farko. Ta tsaya a ciki ba takalmi, ruwa na rufe mata idon sawu, tana gyara masa hanya da fartanya. Ba ta ɗago ba.

Bayan salla 'yan kallo ba su watse ba. Suka kewaye Ɗanbaba a gindin sandar sola, abin ya zama wasa. Wani ya ce ƙofa ta ashirin fa? Ya ce laba ɗaya oza huɗu, na uku da na biyar. Ta talatin da ɗaya? Ya ce biyar na farko duka a sama, in ka ƙara oza ɗaya sai ka share su ka ɗora dutsen laba biyu. Ta ashirin da shida? Laba ɗaya oza goma. Monica ta duba takardun kamfani ta ce an rubuta 1A, kuma A ita ce goma. Ya ce su suka sani, shi oza goma ya sani. Ta ce to da ƙirgar takwas-takwas fa, yaya talatin da uku take? Ya ɗan runtse ido ya ce takwas huɗu da ɗaya a kai. Ta yi lissafi a littafi, ya fito 41. Aka tafa. Kowace tambaya kafin a rufe baki ya amsa, kuma yana ɗaga murya don na baya su ji. Tun da aka cire shi daga makaranta ba a taɓa taruwa ana tambayarsa lissafi ba.

Ƙarfe uku injiniyan ya kira. Ya ce Monica ta samo biro, zai karanta mata yadda za ta jera maɓallan. Ta ce masa ruwa na gona ta goma sha tara. Ya tambayi wa ya yi. Ta ce wani injiniya ne daga Fagge.

Gonar Ɗanbaba ce ta kusa da ƙofa, don haka ita ce ta ƙarshe. Saura kwata ƙarfe huɗu ruwa ya iso ta. Ya tattare wando ya shiga, ya buɗe bakin fangali na farko. Ƙasa ta sha tana ƙara. Albasar ba ta tashi ba tukuna, amma ya san za ta tashi kafin safe.

Alhaji Mudassiru ya zo ya tsaya a kan kunya, yana kare takalminsa daga taɓo. Ya yi masa barka. Ya ce yau ya ga ilimi, irin wanda ba a sayarwa a jami'a. Ya ce ya zo karɓar sukurudirebansa ne, kuma yana da 'yar tambaya, don sha'awa kawai.

“Ta talatin da huɗu fa, Malam? Da ta talatin da biyar? Waɗanne ake ɗagawa?”

Amsar ta riga ta hau harshen Ɗanbaba. Laba biyu da oza biyu, na biyu da na shida. Ya buɗe baki. Sai ya ga jan kan sukurudireban a hannun Monica, tana miƙa wa mai shi. Gobe rabon talatin da huɗu ne. Alhaji ba shi da ko taki ɗaya a can. Ƙofarsa na sama, inda ruwa ke fara wucewa, kuma duk ƙofar da aka sa wa lambar gobe, gobe za ta buɗe.

“Ni ban yi boko ba, Alhaji. Tambayi injiniya.”

Alhaji ya yi dariya sosai. Ya sa sukurudireban a aljihu, ya yi sallama, motarsa ta bi gaɓar kanal ta yi sama.

Ɗanbaba ya tsaya cikin ruwan. Ya shiga tuno fuskokin da suka kewaye shi ɗazu, da lambobin da ya yi ta rabawa da babbar murya. Bai iya tuna duka ba. Ya kira Monica ya ce ta nemo mai walda daga Bunkure yanzu, a sa wa kowane akwati maƙala da kwaɗo, a fara daga na goma sha biyu. Ta ce talatin da shida ne, Baba, ba zai gama yau ba. Ya ce ya sani.

Ya miƙa wa Badamasi fartanyar, ya nuna masa fangali uku da suka rage. Ya karɓi sandarsa, ya ɗauraye ƙafa a kwata, ya kama hanyar sama.